Mace za ta iya rubuta fim ta ba da umarninsa ba tare da ubangida ba?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na gama karatun aikin jarida, ina da labaran fim uku da na rubuta da hannuna. Duk wanda na nuna wa sai ya ce in sayar masa, ni kuwa so nake in ba da umarninsu da kaina. Shin akwai macen da ta gina sana'arta a haka, tana rubutawa tana ba da umarni ba tare da ta zauna a ƙarƙashin wani kamfani ba? Kuma ana cin abinci da shi?"

Ƙanwata, akwai su, kuma ana ci, sai dai ba kullum tukunyar ke tafasa ba. Na daɗe ina gyaran rubutun fim, na kuma yi zaman lokeshan, wajen ɗaukar fim, ina riƙe da littafin kashe kuɗi, wato ni ce wadda kowa ke harara idan an ce babu kuɗin ƙarin kwana ɗaya. Daga wannan kujerar nake ba ki amsa. Abin da na gani shi ne, yawancin masu cewa suna son zaman kansu tunaninsu yana kan ranar ɗauka: su tsaya bayan kyamara, su ce a fara, su ce a yanke, babu mai katse su. Wannan ranar ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Zaman kai a harkar fim yana rataye ne a kan tambayoyi biyu, fim ɗin na waye bayan an gama shi, kuma wa zai kai shi gaban masu kallo. Zan ɗauki mace ɗaya da na bi tarihin aikinta sosai, Ba'amurkiya Ava DuVernay, domin a tafiyarta ana ganin inda aka ci riba da inda aka yi asara ƙuru-ƙuru.

An haife ta a 1972 a jihar Kalifoniya. Ba ta yi makarantar koyon fim ba. Kamar ke, da aikin jarida ta fara, sannan ta koma tallata fina-finan wasu, har ta buɗe kamfaninta na talla a 1999. Aikinta shi ne ta san wane ɗan jarida za a kira, wane gari za a fara nuna fim, wane hoto za a sa a fasta, su waye za su fito daga gida su sayi tikiti. Sai da ta haura shekara 30 kafin ta ɗauki kyamara da sunan aikin kanta. Mutane sukan ba da wannan labarin don a nuna cewa ba a makara. Ni abin da nake gani a ciki daban ne: ta koyi sayar da fim shekaru kafin ta koyi yin sa. Da yawa daga cikin daraktocin da na sani sun yi akasin haka, suka gama fim mai kyau, suka zauna da shi a kwamfuta suna jiran wani ya zo ya taimaka.

Fim ɗinta na farko mai tsawo na ƙagaggen labari shi ne I Will Follow, wanda ya shiga sinima a 2011. Dala 50,000 ta kashe, kuɗin da ta tara da niyyar sayen gida, kuma cikin kusan mako biyu aka ɗauke shi. A wajenmu wannan kuɗi ne mai kauri, amma a Amurka ko kusa da kasafin ƙaramin fim na kamfani bai kai ba. Labarin kuwa na wata mata ce da ke kwashe kayan gwaggonta da ta rasu, a gida ɗaya, cikin yini ɗaya, mutane na shigowa suna fita. Ta samo shi ne daga rasuwar gwaggonta ta gaske. Ki lura da kyau, ba ta rubuta babban labari sannan ta shiga neman kuɗinsa ba. Ta duba abin da ke hannunta, ta yanka labarin daidai da shi.

A nan marubuciyar da ke ba da umarni ta fi kowa sa'a, domin alƙalaminta shi ne littafin lissafinta. Bari in nuna miki. Wata yarinya ta taɓa kawo mini rubutu, a shafi na huɗu ta rubuta: "Da dare, amarya ta fito daga wajen biki a guje, ruwan sama na zuba." Layi ɗaya ne, ko minti ɗaya ba zai yi a allo ba. Na ɗauki jan biro na fara rubuta mata a gefe. Wajen biki yana nufin hayar wuri da ado da aƙalla mutum 40 da za su cika kujeru, kowa da abincinsa da kuɗin motarsa. Dare yana nufin fitilu da janareta da man da zai sha har asuba. Ruwan sama yana nufin tankar ruwa da mai riƙe tiyo, da rigar amarya biyu, don idan ta farko ta jiƙe aka ce a sake ɗauka ba za a tsaya jiran ta bushe ba. Kafin in kai ƙarshen shafin ta yi shiru. Muka mayar da fitowar ta zama amarya zaune a bayan mota da safe, lalle a hannunta, tana cire ɗan kunne ɗaya bayan ɗaya tana sa wa a jaka. Mutum biyu, mota ɗaya, hasken Allah. Kuma wallahi ta fi ta farkon taɓa zuciya. Wannan irin canjin, idan kin sayar da labarinki, wani ne zai yi shi ba tare da ya tambaye ki ba, kuma abin da zai fara yankewa shi ne abin da kika fi so.

Da DuVernay ta gama I Will Follow ba ta je tana ƙwanƙwasa ƙofar manyan masu rarraba fina-finai ba. Tun a 2010 ta haɗa kan wasu bukukuwan fina-finan baƙaƙen fata na garuruwa daban-daban, suka kafa ƙungiyar rarrabawa mai suna AFFRM, wadda a 2015 ta koma ARRAY. Dabarar mai sauƙi ce. Kowane biki yana da mutanensa a garinsu, ya san majami'u da ƙungiyoyin mata da ɗalibai da za su zo. Sai a sa rana ɗaya, fim ya buɗe a garuruwan a tare, kowa ya cika sinimar garinsu. Ba ta ƙirƙiro masu kallo ba, da ma suna nan, manyan kamfanoni ne ba su damu da su ba.

Wannan darasin ba baƙo ba ne a wajenmu. Duk wanda ya san zamanin kaset da faifan CD a Kano ya san cewa mai shago a Ƙofar Wambai ya fi darakta ƙarfi, shi ke cewa wane jarumi ne ke sayuwa, waƙa nawa za a sa. Kasuwar ta mutu, masu tura fim a waya suka gama da ragowarta, yanzu an koma YouTube da tashoshin talabijin. Amma tambayar tana nan yadda take. Idan kika ɗora fim ɗinki a tashar YouTube ta wani saboda yana da mabiya da yawa, mabiyan da fim ɗinki ya jawo nasa ne, kuɗin talla asusunsa zai shiga, ke kuma sai abin da ya ce an samu. Ban ce kada ki taɓa yin haka ba, wani lokaci dole ce. Amma ki san me kika bayar, na wata nawa, kuma ranar da wa'adin ya cika ki iya sauke kayanki.

Fim ɗin DuVernay na biyu na ƙagaggen labari, Middle of Nowhere, dala 200,000 ya ci. Labarin wata mata ce da ta ajiye karatun likita saboda an ɗaure mijinta shekara takwas. Rubutun ya daɗe a ajiye kafin ta samu halin ɗaukarsa, wanda ya kamata ya kwantar miki da hankali game da labaranki uku, rubutu ba ya ruɓewa. A 2012 ta ci kyautar ba da umarni a bikin fina-finai na Sundance a Amurka, ita ce baƙar mace ta farko da ta ci. Cikin jaruman fim ɗin akwai David Oyelowo, ɗan asalin Najeriya da aka haifa a Ingila. Shi ne ya tsaya mata, ya dage a ba ta fim ɗin Selma, kan gwagwarmayar Martin Luther King ta neman wa baƙaƙen Amurka 'yancin jefa ƙuri'a a 1965, bayan daraktan da ke riƙe da aikin ya bar shi. Daga dala 200,000 ta tsallaka zuwa miliyan 20, ninki 100. Ki riƙe wannan ma: ƙofar ta buɗe ne ta hannun wanda ya yi aiki da ita a ƙaramin fim ya ga yadda take tafiyar da mutane.

To, a nan ne nake son ki buɗe ido. Da ta karɓi Selma ta tarar da rubutu a ƙasa, na wani Bature mai suna Paul Webb. Ta sake masa fasali sosai. Har jawaban King sai da ta zauna ta rubuta sababbi masu kama da nasa, domin iyalansa sun riga sun ba wasu kamfanoni izinin amfani da ainihin kalmominsa, ita ba ta da damar taɓa su. Fim ya fito a 2014, ya shiga jerin waɗanda ake takarar gwarzon fim a Oscar. Amma a wajen da ake rubuta sunan marubuci, sunan Webb ne kaɗai. Yarjejeniyarsa ta ba shi wannan haƙƙin tun kafin ta shigo, kuma takarda ba ta san wa ya kwana yana rubutu ba. Macen da a fina-finanta biyu na baya komai nata ne, ranar da ta shiga gidan wasu ta yi aikin da sunanta bai hau ba.

Na ga irin wannan da idona, ba a Amurka ba. Wata ƙawata ta rubuta labari mai dogon zango, ta ba wani furodusa a kan amana, ya ba ta ɗan abin da ya kira kuɗin shan ruwa, ya ce sauran sai an fara samu. Ranar da kashi na farko ya fito muna zaune a ɗakinta, ta riƙe waya tana jiran sunaye su wuce. Ɗaukar nauyi, sunansa. Shiryawa, sunansa. Labari, sunansa. Tsara labari, sunan ƙaninsa. Ta mayar da bidiyon baya har sau uku ko ta tsallake nata. Da ta kira shi sai ya ce ai ya saya. Ba ta da takarda ko guda, saƙon waya ma ba su cika yi ba, yawanci kira suke yi. Saboda haka duk abin da za ki ba wani, ko ɗan'uwanki ne, a rubuta: sayarwa ce ko aro, na tsawon wane lokaci, a wace kafa za a nuna, wane suna zai fito a kan labari, wa ke da ikon canza ƙarshe. Ki yi wa ɗan kamfaninki rajista ko da ke kaɗai ce a cikinsa, ya zama shi ne mai fim ɗin a takarda. Kuɗin lauya na yini ɗaya bai kai kuɗin janareta na dare ɗaya ba.

Kada ki ɗauka wannan matsalar sababbin shiga ce. Safi Faye ta Senegal, wadda fim ɗinta Kaddu Beykat na 1975 ake lissafa shi a matsayin dogon fim na farko da wata mace daga Afirka kudu da Sahara ta yi har ya shiga kasuwa, gwamnatin ƙasarta ta hana nuna shi saboda ya taɓo halin da manoman gyaɗa ke ciki. Wannan ciwo ne, amma ba shi ya fi cin ta ba. Fim ɗinta Mossane an ɗauke shi tun 1990, bai ga haske ba sai 1996 a bikin Cannes na Faransa, shekarun tsakani sun tafi ne a rigimar wa ke da haƙƙinsa tsakaninta da waɗanda suka shirya shi da ita. Shi ne dogon fim ɗinta na ƙarshe har ta rasu a 2023.

Game da kasancewarki mace, ba zan rarrashe ki ba. An yi fiye da shekara 80 ana raba Oscar kafin mace ta ci kyautar ba da umarni, Kathryn Bigelow a 2010. DuVernay kanta ba a sa ta a takarar darakta ba a shekarar Selma. A lokeshan kuwa za ki haɗu da mai ɗaukar hoto da ya girme ki, ki ce a ajiye kyamara nan, ya juya ya kalli mataimakinki namiji yana jiran ya tabbatar. Ihu ba ya maganin wannan, na ga waɗanda suka gwada. Abin da ke maganinsa shi ne ki zo da safe da jerin duk hoton da za a ɗauka a rubuce, kin riga kin je wurin kin san ta ina rana ke faɗowa da ƙarfe huɗu, kin san wace fitowa za ki iya jefarwa idan magariba ta kama ku. Ma'aikata suna bin wanda ya sa suka tashi aiki da wuri aka kuma biya su a ranar da aka ce. Sai kuma maganar gida da ta unguwa, wadda a wajenmu ta fi ta lokeshan nauyi. Wannan ma rubutu na taimakawa: labarin da aka tsara shi da rana, a gida ɗaya ko biyu da iyayenki suka sani, ya rage miki rabin surutun. Idan a Kano za ki yi aiki, ki sa hukumar tace fina-finai a lissafinki tun kina rubutu, kada sai kin gama ɗauka a ce ki cire fitowar da labarin ke tsaye a kanta.

Abin da ya fi burge ni a DuVernay shi ne yadda ta yi da ƙofar bayan ta shige. Shirinta na talabijin Queen Sugar ya yi zango bakwai daga 2016 zuwa 2022, kuma kowane kashi mace ce ta ba da umarninsa, da yawansu ba su taɓa samun aikin talabijin ba kafin nan. Uzurin da ake kawowa kullum shi ne ba a ba mata aiki saboda ba su da gogewa, ba su da gogewa kuma saboda ba a ba su aiki. Ita da yake ɗaukar ma'aikata a hannunta yake, sai kawai ta ɗauke su.

Yanzu maganar abinci. Kada ki yarda da duk wanda ya ce miki zaman kai riba ce tabbatacciya, ko kuma babban kamfani shi ne tsira. Kamfanin Disney ya ba DuVernay fim ɗin A Wrinkle in Time, wanda ya fito a 2018, kasafinsa ya haura dala miliyan 100, ita ce baƙar mace ta farko da aka damƙa wa irin wannan, fim ɗin kuma bai yi kasuwar da aka zata ba. A 2023 ta koma hanyarta ta da: Origin, wanda ita ta rubuta, ta tara masa kusan dala miliyan 38 daga gidauniyoyi irin su Ford da wasu masu hannu da shuni, ba daga kamfanin fim ba. Ya shiga babbar gasar bikin fina-finai na Venice a Italiya, amma abin da ya samu a sinima bai kusanci abin da aka kashe ba. Ga mace mai suna a duniya ke nan. A farkon tafiyarta kuwa ba ta rufe kamfanin tallanta ranar da ta sayi kyamara ba, kuma ta yi wa tashoshin talabijin shirye-shiryen gaskiya na haya, kan mawaƙa da 'yan wasanni. Kusa da mu, Rahmatou Keïta ta Nijar, wadda ita ma 'yar jaridar talabijin ce, ta fitar da fim ɗinta kan jaruma Zalika Souley a 2004, amma dogon fim ɗinta na ƙagaggen labari, Zin'naariyâ, wanda ke da Hausa a cikin harsunansa, sai 2016 ya fito. Shekara 12. A irin wannan tazarar mutum yana buƙatar abin da zai sa a baki, don haka takardar aikin jaridarki kada ki jefar da ita. Tallar kamfani, bidiyon ƙungiyoyi, rubuta wa wasu kashi-kashi na shirinsu a kan farashi da suna a rubuce, duk wannan ba faɗuwa ba ce. Akwai kuma asusun tallafi na ƙasashen waje da ke karɓar aikin Afirka, irin Hubert Bals na bikin Rotterdam da World Cinema Fund na Berlin, sai dai kusan dukkansu za su nemi ganin abin da kika taɓa ɗauka, kuma amsarsu ba ta zuwa da wuri.

Da ni ce ke, ga yadda zan yi da labaran nan uku. Zan shimfiɗa su in ƙirga wurare da mutane da fitowar dare a kowanne. Wanda ya fi tsada, mai biki da asibiti da kotu, zan mayar da shi akwati, lokacinsa bai yi ba. Na tsakiya zan iya ba da shi, amma aro na shekara biyu ko uku da sunana a kan labari, in riƙe kuɗin kada in taɓa. Na ukun, mafi ƙanƙanta, zan cire masa fitowa ɗaya da za ta iya tsayawa da ƙafarta, mutum biyu a ɗaki ɗaya, minti goma, in ɗauke ta cikin kwana biyu da kuɗin na tsakiyan. Ki kashe a kan sauti fiye da yadda zuciyarki ke so, domin mai kallo yana yafe hoto mai duhu amma ba ya zama da muryar da ba ya ji. Kafin ki kira kowa lokeshan, ki rubuta sunayen wurare biyar da za ki nuna shi da wanda zai buɗe miki ƙofa a kowanne, ko da ɗakin taron makarantar da kika gama ne. Ranar nunawa ki zauna a baya, kada ki kalli allo, ki kalli mutane, ki rubuta mintin da suka fara duba waya.